Don Teyo da Damon da Ba A Taɓawa

Duk wanda ya zauna a unguwar ma'aikatan asibiti ta sansanin sojan ruwan Amurka da ke Guantanamo, a tsibirin Cuba, ya san Don Teyo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai malafa da aka yi ta gani da hantsi yana bin damo a baya, riƙe da cokali da gwangwani. Sababbin zuwa sukan ɗauka rana ce ta taɓa masa kai. Mu da muka san mafarin abin ba ma saurin gyara musu, don kallon fuskarsu ma nishaɗi ne a garin da nishaɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sunansa na takarda Eleuterio Burgos, mutumin Maunabo ne a Puerto Rico. Shekara arba'in ya yi yana noman agade da gwanda da kabewa, ashirin daga ciki kuwa yaƙi ya yi da damo. A can damo annoba ne, wuni ɗaya sai su tashi gonar kabewa su bar wa mai ita kara. Don Teyo ya kashe su ba adadi, da tarko da zarge da bindigar iska, ya feɗe ya soya da tafarnuwa. In maƙwabci ya ga ɓarna a gonarsa, ba ya kai ƙara ko'ina, gidan Don Teyo yake aikawa.

Da matarsa Provi ta rasu sai komai ya fita ransa. Ya bar gona ta koma daji, ya bar ɗan lambun bayan kicin ya bushe. A lambun nan ne Provi take da attaruhunta, irin mai ƙamshi marar zafi, wanda ba a yin jajjage sai da shi. Irin ta gada ne daga uwarta, ita ma daga tata uwar, kuma ba ta taɓa yarda ta haɗa shi da na kasuwa ba. Sai da 'yarsu Yarelis, ma'aikaciyar jinya a sojan ruwa da ke aiki a sansanin nan, ta zo ta ce ƙafarta ƙafarsa, ba za ta bar shi shi kaɗai yana hira da bango ba, sannan ya shiga kicin yana kwashe kaya. A cikin gwangwanin kofi ya tsinci ƙunshin takarda da rubutun Provi a jiki. Ƙwaya tara ce ta irin attaruhu. Su ke nan suka rage a duniya, kuma ya san sakacinsa ne ya jawo haka. Ya cusa su a ɗinkin malafarsa bai gaya wa kowa ba.

Jirgin sama ya sauke su a wancan gefen ruwan da ya raba sansanin biyu, jirgin fito ya tsallako da su, tun a kan ruwa kuwa Don Teyo ya fara tambaya. Shi mutum ne da ba ya iya wuce abu bai ji dalilinsa ba. Me ya sa duwatsun nan suka yi furu-furu alhali teku ɗaya ce da ta gida? Wa ya ce a shafa wa gidaje duka launi ɗaya? Ruwan famfo daga ina, tunda bai ga kogi ba? Da Yarelis ta ce na teku ne aka cire wa gishiri, sai da ya cika kofi ya ɗaga wa rana, ya kurɓa, sannan ya ce ruwa ne kam, amma ba shi da uwa ba shi da uba.

Ya koyi cewa abinci sai jirgin dakon kaya ya zo, kuma labarin zuwansa kan riga shi shiga gari, kowa ya ruga kanti kafin tumatir ya ƙare. Ya zaga kantin nan layi-layi bai ga attaruhu irin nasu ba. Jajjage dai akwai na kwalba. Ya buɗe a gida, ya sansana, ya mayar da murfin, ya ce Allah ya yafe wa wanda ya haɗa.

A kwana na uku ya yi abin kunyarsa na farko. Ƙarfe takwas na safe lasifikokin sansani suka saki taken ƙasa, duk wanda ke waje ya ƙame inda yake, motoci suka tsaya a tsakiyar titi. Don Teyo kuwa ya ci gaba da tafiyarsa a gaban asibiti, yana leƙa fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi wani hafsa ko wani ne ya mutu. Hafsan nan shi ne shugaban Yarelis.

Da rana tana mayar da shi gida, ba ta gama huce wannan ba, sai wata ƙatuwar motar soja da ke gabansu ta ci birki. Wani damo ne toka-toka, mai kauri kamar cinyar mutum, yake tsallaka titi a hankali.

"Nena," ya ce, haka yake kiran 'yar tasa, "direban can lafiyarsa ƙalau?"

"Damo yake jira ya wuce, Papi."

"Ya wuce ina? Gidan surukansa?" Ya leƙa ta taga yana auna shi da ido. "Kai, wannan ai ya ciyar da mutum shida."

Yarelis ta kashe mota ta juyo gaba ɗaya. "Papi, dube ni. Na nan ba irin na gida ba ne, sun kusa ƙarewa a duniya. Ba a kashewa, ba a jifa, ba a kamawa, ko abinci ba a ba su. Ka taɓa ɗaya, jirgi na gaba za a sa ka, ni kuma a rubuta a takardata. Abu biyu kawai nake roƙon ka. In an sa take ka tsaya cak, damo kuma ka bar shi da Allahnsa. Ka yi mini alkawari."

"To, na ji. In ka je gari ka tarar kowa da jela..."

"Papi."

"Na yi alkawari, Nena."

Ƙasar bayan gidansu ba ta shuka ba ce, fartanya ma tsalle take yi a kanta. Wanda ya cece shi Mista Gayle ne, mai gyaran famfo, mutumin Jamaika da ya shekara ashirin da shida a sansanin. Ya ga kwamandoji sun zo sun tafi har ya daina riƙe sunayensu. Ya zo gyaran bututu ya tarar da dattijo a tsugune yana murza ƙasa a tafin hannu.

"Dattijo, zinariya ake nema?"

"Ƙasa nake nema. Ina kuka kai ta?"

Gayle ya yi dariya har da riƙe ciki. Washegari ya dawo da bokitan fenti guda uku, da tukar kofi daga ɗakin cin abincin sojoji, da baƙar ƙasa da ya san inda take taruwa a bayan rumbun ruwa. Ya kuma ja masa kunne cewa a garin nan duk ɗanyen ganye yana da masu shi tun kafin ya fito: da dare gafiyoyi, da rana damo.

Don Teyo ya farke ɗinkin malafa ya shuka taran duka, uku-uku. Huɗu suka tsiro. Gafiya ta cinye biyu, zafi ya kashe ɗaya. Guda ta rage. Ita ce ya haɗa wa keji da murafen tsofaffin fankoki da ragar tanda, ya yi mata ƙofa da waya. Ranar da Yarelis ta gane ko mece ce a bokitin, ta tsaya ta daɗe tana kallon ganyen, ba ta tambayi yadda aka yi irin ya shigo ba. Ta ce kawai, "Na Mami ne?" Ya ɗaga mata kai.

A bayan gidan akwai wani faffaɗan dutse, a ƙarƙashinsa kuma wani tsohon damo yake da rami, mai guntun jela da jajayen idanu. Don Teyo ya sa masa suna Saje, don yadda yake tafiya yana buɗa ƙirji yana gyaɗa kai kamar mai duba fareti. Tunda an hana shi farauta, sai ya koma kallo. Ya fito da kujera inuwa ya zauna yana nazarin Saje kamar ɗalibi. Ya gano ƙarfe bakwai da rabi yake fitowa ya kwanta a dutse sai jikinsa ya ɗau zafi. Ya gano yana atishawa gishiri ya fito masa ta hanci. Ya gano ja ne launin da ke ruɗa shi, ko murfin kwalba ne sai ya je ya ɗanɗana. Shekara ashirin yana kashe danginsa, bai taɓa zama ya ga yadda ɗaya ke yin wuninsa ba, abin kuma ya ba shi mamaki ƙwarai yadda yake jin daɗin kallon.

"Kai kana karanta shi, shi ma yana karanta ka," in ji Gayle wata rana. "Ka gan shi nan? Ya girme ni a sansanin nan. Ni kwantiragi ake sabunta mini, shi kuwa ɗan ƙasa ne."

"Bari ya karanta. Damo sarkin haƙuri, ni ma ai na iya."

Attaruhu ya yi fure, furen ya zube, ya sake yi, a ƙarshe 'ya'ya bakwai suka kama. Don Teyo ya ƙi tsinkar ko ɗaya suna kore. So yake su nuna jawur a jikin uwarsu don irin ya ƙosa, ya cire ƙwayar ya shanya, sauran ya yi wa 'yarsa jajjagen uwarta. Kullum da safe sai ya ƙirga su, kamar za su ƙaru.

Ranar tsinka ta faɗo wata Talata. Yarelis ta fito cikin kakinta za ta tafi aiki, ya ce ta dakata ta gani da idonta. Ya kwance wayar, ya buɗe ƙofar kejin, ya jawo bokitin waje inda haske yake. Bakwai ɗin nan sun yi ja suna sheƙi. Ya juya ya taka zuwa baranda ɗauko almakashi, taku goma bai fi ba.

Sai lasifika ta yi ƙara.

Yarelis ta ƙame ta sara. Wata motar 'yan sandan soja da ke wucewa ta tsaya daidai ƙofar gidan. Don Teyo ya cire malafa ya ɗora a ƙirji, almakashi a ɗaya hannun. A kan dutse kuwa Saje ya ɗaga kai, ya gyaɗa sau biyu, ya sauko.

Ni dai ban yarda dabba ta san taken ƙasa ba. Amma wanda ya shekara talatin yana ganin mutane na zama gumaka kowace safiya a lokaci guda, ba sai an yi masa bayani ba. Bai ko yi sauri ba. Ya ratsa tsakar gidan yana jan ciki, ya bi ta gaban takalman Yarelis, ya ɗora ƙafafun gaba a bakin bokiti.

"Nena," in ji Don Teyo ta gefen baki.

"Na gani, Papi." Hannunta na goshi.

"Taku uku ne kawai in na yi tsalle."

Ba ta ce masa kar ya motsa ba, ba ta ce ya motsa ba. Hawaye ne kawai ya ga yana bin kuncinta, ga 'yan sanda biyu a mota suna kallon gaba. Ya tuna alkawari. Ya tsaya.

Taken nan bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba, amma Don Teyo ya ce bai taɓa jin waƙa mai tsawonsa ba. Saje ya tsinki na farko ya haɗiye, ya tsinki na biyu. Da ya kai na biyar nauyinsa ya rinjayi bokitin ya kife, itacen ya karye daga gindi, ya bi sauran biyun a ƙasa ya lamushe. Ana busa ƙahon sallama yana lasar baki.

Fartanya na jingine a bango. Don Teyo bai san lokacin da ta zo hannunsa ba. Ya tsaya a kan damon, ya ɗaga ta sama, ya san daidai inda ake sara a bayan kai, hannunsa ya yi wannan aikin sau ɗaruruwa. Saje bai gudu ba, don a rayuwarsa ba wanda ya taɓa ɗaga masa hannu. Ya karkata kai ya dube shi da jan ido ɗaya. Yarelis ta ce, "Papi," a hankali, irin yadda take kiran sa tana ƙarama. Ya sauke fartanyar ya jingine ta inda ya ɗauke ta, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Itacen bai tashi ba. Ya ɗaure shi da tsumma, ya yi masa inuwa, kwana uku ya yi baƙi. Don Teyo ya daina tambaya, wanda a wurinsa ya fi daina cin abinci muni. Baƙin cikinsa ba na attaruhu ba ne kawai. Gani yake sau biyu ke nan Provi ta bar masa amana yana tsaye tana lalacewa.

A rana ta huɗu Gayle ya zo ya same shi a baranda ya zuba tagumi.

"Dattijo, ka yi haƙuri. Abin da ya shiga cikin Saje ai ya shiga ke nan."

Sai Don Teyo ya ɗago. "Ya tauna?"

"Wa?"

"Saje. Da ka taɓa ganin yana ci, taunawa yake yi?"

"Ni ina na sani? Famfo nake gyarawa, ba haƙori ba."

Don Teyo ya miƙe tsaye. Shi ya sani. Cikin damo nawa ya farka a Maunabo? Kullum sai ya tarar da ƙwayar gwanda da ta gwaiba a ciki lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ba sa tauna, haɗiya suke yi. Ya tuna kuma yadda gwanda ke fitowa da kanta a gindin bishiyoyin da suke kwana, har yakan yi mamakin wa ya shuka. Kuma cikin damo ba ya sauri, abin da ya ci yakan yi kwanaki kafin ya fito.

"Mista Gayle, a dokarku an hana kashewa, an hana kamawa, an hana ciyarwa. An hana bin sa a baya?"

"Ban taɓa ji ba."

"An hana kwasar abin da ya yar?"

Gayle ya dube shi, ya dubi dutsen, sai ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. "Allah ya shirye ka, Don Teyo! Shekara ashirin da shida, ban taɓa ganin wanda ya zo ƙasar waje bin kashin damo ba."

Haka aka fara ganin sa da cokali da gwangwani. Ya fara da kewayen dutsen, ya kwashe na kwanakin da suka wuce, sannan ya shiga bin Saje duk inda ya nufa: bayan makaranta, gindin tankin ruwa, filin ajiye motoci. Yana ba shi tazarar taku goma don kar a ce ya takura masa. Rana ta biyu 'yan sandan soja suka tsayar da shi. Wata matashiya mai igiya biyu ta saurari bayaninsa, ta leƙa gwangwanin, ta yi saurin janye kai, ta buga waya ofis. Aka daɗe ana bincike a can. Daga ƙarshe ta ce ba a samu dokar da ta hana ba, amma don Allah ya riƙa wanke hannu.

Kwana tara ya yi yana kwasa. Kowane ya cakuɗa shi da baƙar ƙasa a gwangwaninsa daban, ya rubuta ranar a jiki, ya jera su cikin keji. Yarelis ta kafa dokar cewa cokalin nan in ya sake ya shigo kicin, ita da kanta za ta sa shi a jirgi.

Abin da ya fara fitowa ya isa kallo. Ciyayi iri-iri da bai san sunansu ba, da 'yan ƙayoyi, da wani abu mai kama da tumatir da ba wanda ya san inda Saje ya samo shi. Tambayoyin Don Teyo suka dawo gaba ɗaya. Yakan ɗauki gwangwani ya tare mutane a hanya yana tambayar ko sun san wannan ganyen. Ta haka ya san rabin unguwar, har matar hafsan nan na gaban asibiti ta zo da littafin tsirrai suka duba tare.

A gwangwanin da aka rubuta wa Asabar ne wasu siraran ganye biyu-biyu suka ɓullo, goma sha ɗaya. Bai gaya wa kowa ba, yana tsoron baki. Ya jira sai da suka yi ganye na huɗu, ya tsinki ɗan gefen ɗaya ya murza ya kai hanci. Ya daɗe a tsugune a wurin, malafa ta rufe masa fuska.

Wata huɗu bayan haka Yarelis ta taso daga aiki da la'asar. Tun daga inda ta ajiye mota ta ji shi. Albasa ce da tafarnuwa a mai, da wannan ƙamshin da ba ta sake ji ba tun ranar da uwarta ta kwanta ciwo. Ta zo bakin ƙofar kicin ta tsaya da jaka a kafaɗa, ta kasa shiga. Uban yana juya tukunya, ya ba ta baya.

"Wanke hannu ki zo," ya ce. "Kuma kar ki tambaye ni ta inda ya biyo."

Ta yi dariya tana kuka, ta ci shinkafa da wake faranti biyu a tsaye.

Yanzu iri ya cika gwangwanin kofi, ya kuma raba wa Gayle da duk wanda ya miƙo hannu. Bokiti takwas ne a keji. Na tara kuwa yana waje, kusa da dutse, ba rufi ba kariya. Yarelis ta lura da shi wata safiya suna tsaye ana take, Saje na tsinkar abinsa hankali kwance. Ana sallama ta juyo.

"Papi, ka san an hana ciyar da su."

"Wa ya ciyar da shi? Sata yake yi, kina gani ina gani."

"Papi."

Ya mayar da malafarsa ka, yana kallon damon na komawa kan dutsensa da jan baki.

"Nena, ke baɗi za a yi miki canjin wuri, ni kuma inda kika sa ƙafa nan zan sa. Na riƙe irin uwarki sau biyu, sau biyu yana kuɓuce mini. Shi kuwa ba mai taɓa shi, ba mai sa shi a jirgi, kuma duk inda ya tsuguna shuka yake yi. Bar shi ya riƙe mata."